Ruwa ba ya ajiye sawu, to ta ina ake sanin tarihin mutanen teku?

"Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Kabala nan Kaduna. Na kalli wani bidiyo a YouTube ana nuna kangon gine-ginen Kilwa a Tanzaniya, mai bayanin yana cewa wai Larabawa ne suka gina don baƙar fata ba su san harkar teku ba. Abin ya tsaya min a rai. Ku masu tonon kayan tarihi ta yaya kuke gane yadda mutanen bakin teku suka rayu shekara dubu da ta wuce, alhali jirgi in ya wuce a ruwa ba ya barin sawu? Kuma dan Allah mu da ko teku ba mu taɓa gani ba, akwai abin da ya shafe mu a ciki?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambaya uku ka dunƙule waje ɗaya: da me muke aiki, wa ya gina Kilwa, sannan ina ruwan ɗan Kaduna da teku. Kar ka damu da rashin ganin tekun, ni ma sai da na haura shekara 25 na fara ganinsa a Legas, kuma har yau ba na nutso, aikina a tudu yake, tsingaro da ƙashi. Na yi zango biyu ina tono a wani tsibiri a gabar Tanzaniya, daga can zan ɗebo maka yawancin abin da zan faɗa. Zamanin da muke magana kuma daga wajen ƙarni na 8 ne zuwa farkon na 16.

Juji ne ofishinmu

Gaskiyarka, ruwa ba ya ajiye sawu. Amma mai jirgi ai ba a ruwa yake kwana har abada ba, dole ya sauka ya ci tuwo, matarsa ta fasa tukunya, a share gida a kai juji. To wannan jujin shi ne rabin iliminmu. Ƙasa tana taruwa hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama, in ka yanka rami a hankali kana rubuta abin da ya fito a kowane hawa sai ka ga yadda rayuwar gari take sauyawa. Shekarun kuma gawayi ko ƙwayar hatsi da ta ƙone ake kaiwa gwajin kabon ta ba ka tazara, ba wai ta ce maka ranar kaza ga watan kaza ba.

Ƙayar kifi ita ta fi komai tona asiri. Kai da kake Kabala ka san mai fatsa a bakin kogin Kaduna abin da yake kamawa daban yake da na wanda ya shiga kwale-kwale ya jefa taru a tsakiya. Haka teku yake, akwai kifin da yaro zai kama da gura a ruwa iya gwiwa, akwai wanda sai ka yi nisa da jirgi mai ƙarfi. Idan hawan ƙasa na juji cike yake da ƙananan kifin gefe, can sama kuma ka fara ganin ƙashin kifin shak da sauran manyan kifaye, ka san mutanen sun fara shiga ruwa mai zurfi ko da ba ka ga katakon jirginsu ko ɗaya ba.

Nan ne na taɓa cin tuwon kuskure. Makonnin farko rariya mai manyan ƙofofi muke tankaɗe ƙasa da ita don aiki ya yi sauri, sai manyan ƙasusuwa kawai suke tsayawa, har na fara rubutawa a littafina cewa mutanen nan manyan kifaye suke ci tun farko. Da muka koma rariya mai ido ƙanana muna wanke ƙasar da ruwa, wallahi sai ga ƙaya kamar tsinken sakace ta cika bokiti, ashe duk abincinsu na yau da kullum ta ƙasan rariya yake zubewa muna takawa. Dole na yage shafukan nan. Kuma wani dattijo masunci da yake taya mu aiki, ƙashin da zan yi rabin awa ina gwadawa da hoton littafi, shi yana juya shi a tafin hannu zai faɗi sunan kifin da watan da ake samunsa. Tun daga ranar na daina yi wa leburorin tono kallon masu ɗaukar kwano kawai.

Wa ya gina Kilwa

Mai bidiyon nan tsohon karatu ya haddace. Turawan da suka fara tono a gabar, irin su James Kirkman da ya fara aiki a Gedi ta Kenya a 1948 da Neville Chittick da ya tona Kilwa daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1965, sun zo ne da tunanin cewa gini na dutse da masallaci mai ƙubba ba zai zama aikin ɗan Afirka ba. Saboda haka idonsu na kan tangaran ɗin Sin da kwanukan Farisa masu sheƙi, tukwanen gida kuwa ba su ba su muhimmanci ba. Alhali in ka ƙirga, sama da kashi 90 cikin 100 na tsingaron da ke fitowa a waɗannan garuruwa na gida ne, ginin hannun matan wurin. Kamar mutum ne ya tona jujin Unguwar Rimi bayan shekara dubu ya ga fasassun wayoyi da kofunan Sin ya ce to Sinawa ne suka kafa Kaduna.

Abin da ya karya wannan magana shi ne tonon da Mark Horton ya yi a Shanga, kusa da Lamu a Kenya, a shekarun 1980. Ya bi ƙarƙashin masallacin Juma'a na dutse yana sauka, sai ya tarar da masallaci a ƙarƙashin masallaci, an yi ta rushewa ana sake ginawa a gurbi ɗaya, har ya kai ga na farko, ɗan ƙarami na itace da laka na wajen ƙarshen ƙarni na 8 wanda mutum kaɗan ne za su yi sahu a ciki. Ka ga ba wasu baƙi ne suka sauka rana ɗaya da magina da taswira ba. Ƙauye ne na masunta da manoma da maƙera, Musulunci ya shiga a hankali, arziki ya ƙaru, aka koma gini da dutsen murjani da ake sarowa daga teku. Sannan masana 'yan ƙasa irin su Felix Chami na Jami'ar Darussalam da Chapurukha Kusimba ɗan Kenya suka nuna cewa irin tukwanen hawan farko, masu zanen kusurwa uku a wuya, ana samunsu har can cikin ƙasa nesa da teku. Harshen mutanen gabar ma, wato Swahili, na dangin Bantu ne, ya ari kalmomin Larabci ne kamar yadda Hausa ta ara.

Amma wani abu da ni ya fi burge ni, zama a bakin teku daban, zama mutanen teku daban. A 2015 Jeffrey Fleisher da abokan aikinsa suka fitar da bincike suna cewa mutanen gabar nan sun yi ɗaruruwan shekaru a bakin ruwa, suna karɓar baƙin 'yan kasuwa, amma sai bayan shekara ta 1000 rayuwarsu ta juya ta fuskanci teku sosai. Lokacin ne ƙashin kifin ruwa mai zurfi ya yawaita, aka fara kafa masallatai a kan gaɓa inda mai jirgi zai hango daga nesa, har tukunya ta sauya. A tsibirin Pemba ƙwayoyin hatsi da suka ƙone sun nuna da gero suke ci kamar ni da kai, daga wajen ƙarni na 11 sai shinkafa da kwakwa suka mamaye. Wannan bai kamata ya ba ɗan Kaduna mamaki ba, mutum nawa ne aka haifa a Kabala ko Unguwar Mu'azu da bai taɓa riƙe filafili ba, ga kogi a bayan gidansu.

Dalilin da ya sa gabar ta haɗu da Oman da Farisa da Indiya kuwa iska ce, kuma ka riga ka san ta. Daga Nuwamba zuwa Maris iska tana busowa daga arewa maso gabas, suna ce mata kaskazi, daidai lokacin hunturunmu. Daga Afrilu zuwa wajen Satumba sai ta juya daga kudu, kusi kenan, lokacin daminarmu. Jirgi mai tafiya da ƙyallen iska zai zo da ta farko, dole ya zauna watanni yana jiran ta biyu ta mayar da shi gida. Baƙon da zai yi wata uku ko huɗu a gari kuwa sai ya nemi mai masauki, kamar yadda fatake suke sauka a gidan fatoma, mai masaukin ya zama dillalinsa, wani lokacin ma surukinsa. Kilwa ta yi ƙarfi ne don ta riƙe hanyar zinaren da ke fitowa daga yankin Zimbabwe ta tashar jiragen ruwa ta Sofala, har an tsinci kuɗin tagulla na Kilwa a kufan Babbar Zimbabwe. Matafiyin nan ɗan Maroko Ibn Battuta ya je Kilwa a 1331 zamanin Sarki al-Hasan bin Sulaiman, mai fadar Husuni Kubwa, ya yabi kyawun garin da kyautar sarkin, kuma ya faɗa ƙarara cewa yawancin mutanen garin baƙaƙe ne. Turawan Fotugal suka far wa garin a 1505.

Kar kuma mu wuce gona da iri mu ce babu jinin baƙi kwata-kwata. A 2023 an buga sakamakon gwajin ƙwayar halitta na mutum 80 da aka binne a garuruwan gabar, aka ga da yawansu ta wajen uwa 'yan Afirka ne, ta wajen uba kuma akwai jinin Farisa sosai, cuɗanyar ta fara wajen shekara ta 1000. Su mutanen Kilwa dama tarihinsu na baka yana cewa wani basarake ne ya zo daga Shiraz ta Farisa ya sayi tsibirin da tufafi. Ni da na karanta sai Bayajidda ya faɗo min a rai, baƙo daga gabas ya auri mai gari, amma ai Daurama da rijiyarta da mutanenta suna nan kafin ya iso. Iyakar wannan gwaji shi ne yawancin kaburburan na masu hali ne da ke kusa da manyan masallatai, talakan da ke gidan laka a bayan gari ba a ji ta bakinsa sosai ba. Yaran kuma a ɗakin uwa suka tashi, da harshenta da tukunyarta.

To ina jiragen

Wannan ita ce matsalar da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Jiragen tekun Indiya na lokacin ba ƙusa ake buga musu ba, ɗinke katakon ake yi da igiyar ɓawon kwakwa, a toshe ƙofofin. Ruwan wurin ɗumi ne, akwai wata tsutsar ruwa mai cin katako kamar gara, igiya ta ruɓe katako ya watse, shikenan. Abin da ya rage mana sai anka ta dutse, zanen jirage da aka yi a jikin bangon gidaje da masallatai, da katakon tsofaffin jirage da aka sake amfani da su a gini kamar yadda aka samu a al-Balid ta Oman.

Sa'a ɗaya babba ta zo a 1998, masu nutso neman abincin teku suka ci karo da wani jirgi kusa da tsibirin Belitung a Indonesiya. Ɗinkakke ne irin na Larabawa, ya nutse wajen shekara ta 830 ɗauke da tangaran kusan 60,000 na Sin, akwai kwano ɗaya da aka rubuta kwanan wata a jikinsa wanda ya yi daidai da 826. Yashi ne ya rufe katakon ya tsira. Har an ƙera irinsa a Oman aka tuƙa shi zuwa Singafo a 2010. Sai dai kamfanin kasuwanci ne ya kwaso kayan aka sayar, masana da yawa suka ce an yi gaggawa ba a rubuta komai yadda ya kamata ba, rigimar ta sa gidan tarihi na Smithsonian a Amurka ya fasa baje kayan. Ni ina tare da masu ƙorafin, domin a wajenmu inda abu yake kwance da abin da ke kusa da shi ya fi abin kansa daraja. Kwano in ka ɗauke shi ba rubutu ya zama kayan ado na kabet kawai.

A arewacin Turai abin ya fi sauƙi don ruwan tekun Baltik sanyi ne kuma gishirinsa kaɗan, tsutsar ba ta jin daɗinsa, ga laka mai adana katako. A 1962 a Denmak aka kewaye wani mashigin ruwa a Skuldelev aka tsotse ruwan aka fito da jirage biyar na 'yan Viking, tsofaffin mayaƙan ruwa na yankin, da aka nutsar da gangan don tare hanya. Layukan shekara da ke cikin katakon suka nuna mafi tsawonsu, mai kusan mita 30, a yankin Dublin ta Ailan aka sare itacensa wajen 1042. Kuma a tsibirin Gotland na Suwidin a 1999 an haƙo azurfa kilo 67 a gona ɗaya, tsabar kuɗi sama da 14,000, yawancinsu dirhamin ƙasashen Musulmi. Don haka in ka ji an fi sanin jiragen Turawa, ba wai su kaɗai suka iya ba ne, ruwansu ne ya fi iya ajiya.

Mu ma nan gida muna da shaidar hakan. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da katako, a 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka fito da shi, kwale-kwale ne mai tsawon mita 8 da 'yan kai, shekararsa kusan 8,000. Ba na teku ba ne kuma ya girmi zamanin da muke magana nesa ba kusa ba, amma danshin ƙasa da rashin iska ne suka ajiye shi, da a busasshiyar ƙasa yake da ko ƙurarsa ba a gani ba.

Akwai kuma abin da duk ƙwarewarka ba za ka tono ba. Tufafi, igiya, turare, itacen gini da ake lodawa zuwa ƙasashen Larabawa, duk sun ruɓe. Bayi ma haka, an yi cinikinsu a wannan teku, littattafan Larabci sun kawo tawayen baƙaƙen bayi da ake kira Zanj a yankin Basra ta Iraƙi daga 869 zuwa 883, amma mutumin da aka saka a jirgi aka tafi da shi ba ya barin tsingaro. Shi ya sa nake taka-tsantsan da masu ba da labarin gabar kamar aljannar ciniki, abin da ba ya ruɓewa ne kawai yake magana da ƙarfi.

Teku a bakinka yake

Yanzu ga taka ta ƙarshe. Duk ranar da ka ce kuɗi ka ambaci teku, domin kuɗi jam'in wuri ne, har gobe muna cewa wuri na gugar wuri. Wurin nan kuwa ba a kogin Kaduna ko Kwara ake samunsa ba, ƙwanson wata halittar teku ce, kuma wanda aka fi kashewa a da daga tsibiran Maldibs yake, can kudu da Indiya. Ibn Battuta ya yi alƙalanci a tsibiran, ya ce ana sayar da wuri 400,000 a dinari ɗaya, da ya zo Mali da Gao kuma ya tarar 1,150 ne a dinari. Lissafa ribar da kanka. Hanyarsa ta jirgi ce zuwa Bahar Maliya da Masar ko arewacin Afirka, daga nan raƙumi ya karɓa. A 1964 Théodore Monod ya gano kayan wani ayari da aka binne a hamadar Muritaniya, a Ma'den Ijafen, sandunan farin ƙarfe irin na tagulla wajen 2,000 da tarin wuri. A kaburburan Durbi Takusheyi ta Katsina ma an samu wuri tare da kayan ƙarfe da suka zo daga gabas. A ƙasar Hausa da farko ado ne da kayan masu mulki, sai daga baya, wajen ƙarni na 18, ya zama kuɗin kasuwa da ake ƙirga shi zambar-zambar ana ɗaure 20,000 a keso.

In kana son ka bi wannan layi, akwai sashen ilimin tonon kayan tarihi a ABU Zariya da Jami'ar Ibadan, kuma shawarata ka ƙware a abu ɗaya da hannu, ko tsingaro ko ƙashi ko ƙwayar hatsi, wanda ya iya tantance ƙayar kifi ana nemansa a kowace gaba. Ba sai ka jira teku ba, Sarkawa da Nufawan kogin Kwara da Buduma na tafkin Chadi mutanen ruwa ne na gaske kuma aikin da aka yi a kansu bai taka kara ya karya ba. Ka fara da leƙawa gidan tarihi na kan titin Ali Akilu, ka tsaya a gaban tukwane fiye da yadda mutane suke tsayawa. In kuma ka ga tsingaro ko wuri a kufai ko gona kar ka kwashe, ɗauki hoto a inda yake ka sanar da ma'aikatan gidan tarihin.

Kafin nan ga aikin gida. Nemi wuri a wajen kaka ko masu kayan gargajiya a Kasuwar Barci ka duba bayansa. In ka ga zobe ruwan lemo ya kewaye doron, mai ɗan shuɗi-shuɗi a tsakiya, wannan irin na gabar gabashin Afirka ne, wanda 'yan kasuwar Jamus suka riƙa lodowa daga Zanzibar zuwa gabar Legas tun daga shekarun 1840 har ya yi yawa darajar wuri ta faɗi. In kuwa ƙarami ne mai ɗan ƙulu-ƙulu a gefe, fari ko ruwan ƙwai, to irin na Maldibs ne. Ido kaɗai ba zai gaya maka shekararsa ba tunda ba a rami ka same shi ba, kuma tsohon wuri launinsa kan koɗe, sai ka haɗa da siffar. Duba kuma ko an fasa doron, ana yin haka ne don a zura zare, in bakin fashin ya yi sumul to ya daɗe yana yawo a hannun mutane. Turo min hoton ciki da baya in ka samu.